Yadda Ake Neman Gurbin Digiri na Biyu da na Uku a Kimiyyar Ƙasa, Muhalli da Duniyoyi a Ƙasar Waje

Na sha zama da ɗaliban da suka gama digiri na farko a kimiyyar ƙasa, ko muhalli, ko fiziks, muna haɗa takardunsu na neman ƙaro karatu a waje. Kusan kowa da tambaya ɗaya yake fara zuwa: wace jami'a ce ta fi suna? Ba a nan gizo ke saƙar ba. A wannan fanni malami ne ke ɗaukar ɗalibi. Shi ke da ɗakin gwaje-gwaje, shi ke riƙe da kuɗin binciken da za a biya ka alawus daga ciki, shi ne kuma zai buɗe baki a taron sashe ya ce "wannan nake so". Ofishin jami'a daga baya yake buga hatimi. Duk matakan da ke ƙasa a kan wannan na gina su.

Zan fi ba da ƙarfi ga tsarin Amurka, inda ake samun sassa masu wannan dogon suna, kamar na jami'o'in Brown da Rice da Case Western Reserve, amma zan riƙa nuna inda Birtaniya da Jamus suka sha bamban. Da "ka" zan yi magana, sai dai mace da namiji hanyarsu ɗaya ce.

ABUBUWAN DA ZA KA TANADA

• Fasfo mai sauran dogon wa'adi. Sunan da ke ciki ya dace harafi da harafi da wanda ke kan takardun makarantarka. In akwai saɓani, ka gyara tun yanzu.
• Takardar cikakken sakamako, mai nuna kowane kwas da makin da ka ci, tare da bayanin yadda jami'arku ke auna maki. In ba da Turanci take ba, a ba tafintan da hukuma ta yarda da shi ya fassara.
• Shaidar digiri, ko takardar da ke nuna lokacin da za ka kammala.
• Takardar bayanin kai, wato CV, kada ta wuce shafi biyu.
• Sakamakon jarrabawar Turanci.
• Malamai uku da suka san aikinka da kyau.
• Adireshin imel mai ɗauke da sunanka na gaskiya, ba laƙabi ba, da katin banki da ke iya biyan kuɗi a waje.
• Jadawali a kwamfuta mai layin kowace jami'a: sunan malami, abin da yake bincike, ranar rufe karɓar takardu, kuɗin cike fom, da ranar da ka tura masa saƙo.
• Lokaci. A Amurka ana fara karatu a ƙarshen Agusta ko farkon Satumba, amma yawancin sassa suna rufe karɓar takardu tsakanin farkon Disamba da tsakiyar Janairu. Ke nan ka fara shiri tun watan Mayu ko Yuni na shekarar da ta gabata.

Ba ka bukatar ɗan tsakiya. Duk fom ɗin da za a cike, da hannunka za ka iya cike shi a shafin jami'a, kuma babu dillalin da ke da ikon sa farfesa ya ɗauke ka.

MATAKI NA 1: TSAYAR DA ABIN DA KAKE SO KA BINCIKA

"Ina son kimiyyar ƙasa" ba amsa ba ce. A cikin sashe ɗaya akwai mai auna girgizar ƙasa don gano abin da ke ƙarƙashin ɓawon duniya, akwai mai narka dutse a tanderu don ya fahimci duwatsu masu aman wuta, akwai mai karanta tarihin yanayi daga lakar ƙasan tafki, akwai mai bin sawun gurɓataccen ruwa a ƙarƙashin ƙasa, akwai kuma mai duba hotunan duniyar Mars da Wata. Kayan aikinsu daban, hukumomin da ke ba su kuɗi daban, irin ɗalibin da kowannensu ke nema daban.

Ka rubuta tambayarka a jimla biyu, sannan ka ƙara ta uku mai faɗin hanyar da kake so ka bi: aikin fili, ko ɗakin gwaji, ko lissafi a kwamfuta, ko hotunan tauraron ɗan'adam. Ba alkawari ka ɗauka ba, tambayar za ta iya sauyawa bayan ka isa. Amfaninta yanzu shi ne ta nuna maka ƙofar da za ka ƙwanƙwasa.

Kada ka janye don digirinka ba na kimiyyar ƙasa ba ne. Waɗannan sassa suna maraba da masu fiziks da kemistiri da lissafi da injiniya da ilimin halittu, wani lokacin ma sun fi neman su. Abin da ake dubawa a sakamakonka shi ne ƙarfinka a lissafi da fiziks da kemistiri, sai kuma ko ka iya rubuta ɗan shirin kwamfuta da harshen Python ko makamancinsa.

MATAKI NA 2: WANE DIGIRI, KUMA WA ZAI BIYA

A Amurka ana iya shiga digiri na uku kai tsaye daga digiri na farko. Yakan ɗauki shekara biyar zuwa shida: kwasa-kwasai a shekaru biyun farko, sai jarrabawar tantancewa, sannan bincike zalla. A wannan fanni al'adar ita ce a yafe wa ɗalibin digiri na uku kuɗin makaranta, a biya shi alawus, galibi har da inshorar lafiya. Kuɗin yana fitowa ne ta ɗayan hanya uku: taya malami bincike daga kuɗin aikinsa, ko taya koyarwa, ko tallafi na musamman daga jami'a. Shawarata a nan ba ta da kwana-kwana: in aka ba ka gurbin digiri na uku babu kuɗi, kada ka karɓa. Bizar ɗalibi ba ta ba ka damar yin aikin da zai biya wannan ɗawainiya ba.

Digiri na biyu kashi biyu ne. Akwai na kwasa-kwasai kawai, wanda yawanci ɗalibi ke biya, akwai kuma na bincike da rubuta kundi, wanda jami'o'in jihohi da dama kan biya ta hanyar taya koyarwa. Na biyun ne ya fi dacewa da wanda makinsa bai kai yadda yake so ba, ko bai taɓa yin bincike ba.

A Jamus da galibin nahiyar Turai sai da digiri na biyu ake shiga na uku, kuma sau da yawa gurbin aiki ne mai albashi da ake tallatawa, na shekara uku zuwa huɗu. Ka duba shafukan tallan guraben aiki na EURAXESS da Earthworks, da cibiyar GFZ da ke Potsdam, da makarantun bincike na Max Planck, irin wadda ke Göttingen mai nazarin Rana da duniyoyin da ke kewaye da ita. Digiri na biyu a yawancin jami'o'in gwamnati na Jamus babu kuɗin koyarwa, ban da wasu wurare kamar jihar Baden-Württemberg, inda ɗalibin da ba ɗan Tarayyar Turai ba ke biyan yuro 1,500 a kowane zango. Amma kafin biza sai ka nuna kuɗin ci da zama na shekara, kusan yuro 12,000, ko takardar tallafi kamar ta DAAD, hukumar musayar ɗalibai da malamai ta Jamus.

A Birtaniya, tun shekarar karatu ta 2021 hukumar UKRI, mai ba da kuɗin bincike na gwamnati, ta buɗe har kashi 30 cikin 100 na guraben tallafinta ga ɗaliban waje. A kula da wani abu: abin da take biya kuɗin makaranta ne na ɗan gida. Ka tambayi jami'ar, a rubuce, ko ita ce za ta cike gibin da ke tsakanin wannan da kuɗin baƙo. Ga digiri na biyu akwai Chevening, mai neman shekara biyu na gogewar aiki, da tallafin Commonwealth, sai Erasmus Mundus a Turai, da Fulbright a Amurka.

Wani gargaɗi ga masu sha'awar duniyoyi. Babban tallafin ɗalibai na NSF, hukumar da ke ba da kuɗin binciken kimiyya a Amurka, wato GRFP, na 'yan Amurka ne da masu izinin zama na dindindin, don haka kada ka ɓata lokaci a kansa. Haka kuma dokokin Amurka sun taƙaita wa baƙi taɓa wasu na'urorin kumbo, kuma aikin gwamnati a NASA na 'yan ƙasa ne. Amma bayanan da kumbuna ke aikowa a buɗe suke ga kowa a rumbun Planetary Data System, kuma da su ɗaliban waje da yawa ke rubuta kundayensu. In nazarin bayanai kake so, hanya a buɗe take. In ƙera na'ura kake so, ka tambayi malamin tun farko ko fasfonka zai zama cikas.

MATAKI NA 3: NEMO MALAMAN

A nan mafi yawan lokacinka zai tafi, kuma ya cancanci hakan.

Kada ka fara da jerin jami'o'in da suka fi suna. Ka fara da takardun bincike. Ka shiga Google Scholar, ko NASA ADS in duniyoyi ne, ka rubuta kalmomin tambayarka da Turanci, ka taƙaita binciken ga shekara uku ko huɗu na baya-bayan nan. Sunayen da ke ta maimaituwa su ne mutanenka. A takardu da yawa sunan farko na ɗalibi ne ko matashin mai bincike, shugaban rukunin kuma yana na biyu ko na ƙarshe, don haka ka bi kowane suna zuwa shafin sashensa ka ga wane ne farfesa.

In mujallar ta kuɗi ce kuma makarantarku ba ta biya ba, akwai mafita. Taron LPSC na masana Wata da duniyoyi da ake yi duk watan Maris a The Woodlands ta jihar Texas yana wallafa taƙaitattun rahotanni masu shafi biyu kyauta, kuma a can za ka ga abin da masana duniyoyi ke yi a halin yanzu, tun kafin ya fito a mujalla. Taron AGU na masana kimiyyar ƙasa na Amurka a watan Disamba da na takwarorinsu na Turai, EGU, da ake yi a Vienna su ma suna sa taƙaitattun bayanansu a intanet. In duk bai yiwu ba, ka roƙi marubucin kofi ta imel. Yawancinsu sukan turo da murna.

Bayan haka sai ka binciki ko mutumin yana da kuɗi. Hukumar NSF tana da shafin da kowa ke iya duba tallafin da ta bayar, da sunan wanda aka ba da ranar ƙarewarsa. Malamin da tallafinsa ya fara bana ya fi kusa da neman ɗalibi a kan wanda nasa zai ƙare baɗi. Ka duba shafin rukuninsa: ɗalibai nawa yake da su, nawa suka gama, ina suka tafi? Sabbin malamai da ba su daɗe da kama aiki ba, ina ba ɗalibai shawara su sa su a gaba. Suna da kuɗin kafa ɗakin gwaji, suna bukatar hannu, kuma sun fi amsa saƙo. Wanda aka rubuta "emeritus" a gaban sunansa ya yi ritaya, ba ya ɗaukar sabon ɗalibi.

Daga nan ne sunan wuri zai fara yin amfani, domin kowane wuri da abin da ya gada. Brown ta daɗe da suna a nazarin Wata da Mars. Rice tana Houston, gari ɗaya da cibiyar Johnson ta NASA inda ake ajiye duwatsun da 'yan saman Apollo suka kwaso. Jami'ar Arizona ce ta jagoranci aikin kumbon OSIRIS-REx da ya dawo da samfurin Bennu, wani dutse da ke yawo a sararin samaniya, a watan Satumban 2023. Lamont-Doherty ta Jami'ar Columbia da Scripps ta San Diego sun yi fice a teku da yanayi da girgizar ƙasa. Amma kada jerinka ya zama na irin waɗannan kaɗai. Ka haɗa malamai goma sha biyar zuwa ashirin, mafi yawansu a jami'o'in da ba kowa ke rububinsu ba, kuma a ƙasa fiye da ɗaya. Ka fi son sashen da ke da aƙalla malamai biyu da za ka iya aiki da su, domin mutum kan sauya jami'a, ko zama ya ƙi daɗi.

MATAKI NA 4: WASIƘAR FARKO

Ka tura tsakanin Satumba da farkon Nuwamba. A tsakiyar shekara da yawansu suna aikin fili, a Disamba kuma taro da jarrabawa sun sha kansu.

Wasiƙar gajera ce, wadda za a karanta a waya ba tare da an gaji ba. Sakin layi na farko: wane ne kai, me ka karanta, wace shekara kake son farawa. Na biyu: abin da ka karanta na aikinsa da inda ya haɗu da naka. Na uku: tambaya ɗaya, shin zai ɗauki ɗalibi a shekara mai zuwa? Sai ka maƙala CV da takardar sakamako.

Sakin layi na biyu shi ne komai. Ga ma'anar abin da na fi gani ɗalibai suna rubutawa: "Na duba shafinka, na ga bincikenka mai ban sha'awa ya dace da burina." Wannan jimla za a iya tura wa mutum ɗari ba a canja harafi ba, kuma farfesa ya san haka. Ga irin wadda ake amsawa: "A aikina na kammala digiri na auna yadda ƙasa ke tsayayya da wutar lantarki don gano zurfin ruwa, sai laka ta riƙa ba ni sakamako mai kama da na ruwan gishiri. Na ga a takardarka ta bara kun haɗa wannan awo da wata hanya don raba su biyun. Shin hanyar za ta yi aiki a inda dutsen ƙasan ya tsattsage?" Ba sai tambayar ta zama ta ƙwararre ba. Ta isa ta nuna ka karanta, kuma ka taɓa cin karo da matsala da hannunka.

Kura-kuran da ke kashe wasiƙa: kuskure a sunan mutum, barin sunan wata jami'a daga wasiƙar da ka kwafo, tura wa malamai biyar na sashe ɗaya saƙo iri ɗaya alhali ofisoshinsu na jere, da fara magana da roƙon kuɗi ko labarin wahalar rayuwa. In mako biyu suka wuce shiru, ka tuna masa sau ɗaya cikin ladabi, sannan ka wuce gaba. Shiru ba wulaƙanci ba ne. Wasu sassan ma kwamiti ne ke zaɓe, kuma sukan faɗi haka a shafinsu. Amma in ya ce ba ya ɗauka bana, ya taimake ka, domin ya hana ka asarar kuɗin fom. Ka gode masa, ka tambaye shi ko ya san wani da ke nema.

MATAKI NA 5: IN BA KA DA GOGEWAR BINCIKE

Mutane da yawa a nan gwiwarsu ke sanyi, suna ganin tunda makarantarsu ba ta da manyan na'urori, ba su da abin nunawa. Wannan fanni yana da wata falala: ɗimbin bayanansa kyauta ne. Hotunan taurarin ɗan'adam na Landsat, waɗanda aka fara ɗauka tun 1972, an buɗe su ga kowa a 2008, kuma ana sauke su daga shafin EarthExplorer. Na Sentinel na Turai su ma kyauta ne. Manhajar QGIS ta zanen taswira kyauta ce, haka JMARS ta Jami'ar Jihar Arizona da ake duba Mars da Wata da ita, haka ObsPy ta nazarin girgizar ƙasa.

Ka ɗauki ƙaramin aiki ka gama shi. Misali, ka zaɓi tafki ɗaya, ka sauke hotunansa na shekaru mabambanta, amma duk na wata ɗaya a shekara don kada bambancin damina da rani ya ruɗe ka. Ka ware ruwa daga tudu, ka lissafa faɗinsa, ka zana jadawali. Sannan ka rubuta shafi uku, ka keɓe rabin shafi ga inda awonka zai iya yin kuskure: gajimare, inuwa, ciyayin da suka rufe ruwa. Wannan rabin shafin ne malami zai fi tsayawa a kai, domin shi ke nuna ka san bambancin sakamako da gaskiya. Ka sa aikin a GitHub, shafin da ake ajiye ayyukan kwamfuta don kowa ya gani, ka rubuta adireshinsa a CV.

Kada ka biya kuɗi wata mujallar bogi ta buga maka takarda cikin mako guda. Masu karanta fom sun san irin waɗannan mujallu, kuma ganinsu a CV rage maka daraja yake yi. Ba a sa ran mai digiri na farko ya riga ya wallafa komai.

MATAKI NA 6: JARRABAWA DA TAKARDU

Sakamakon jarrabawar Turanci ta TOEFL da IELTS shekara biyu yake yi, don haka kada ka yi da wuri ƙwarai, kuma kada ka wuce Oktoba, don ka sami damar maimaitawa. Wasu jami'o'i suna karɓar jarrabawar Duolingo, wadda ta fi sauƙin kuɗi kuma a gida ake yi. Wasu kuma sukan yafe wa wanda ya yi digirinsa da Turanci. Ka karanta sharaɗin kowacce, kada ka ɗauka ɗaya ne. Makin sashen magana yana da muhimmanci na musamman ga wanda za a biya ta hanyar koyarwa. GRE kuwa, jarrabawar shiga karatun gaba da digiri, sassan kimiyyar ƙasa da yawa sun daina nemanta tun wajen 2020, kada ka biya sai ka ga an rubuta dole ce.

Yawancin jami'o'i kofin sakamako suke karɓa a lokacin nema, sai an ɗauke ka su nemi na asali. Kaɗan sukan bukaci wata hukuma kamar WES ta tantance, kuma wannan kan ci makonni. Kada ka juya makinka zuwa ma'aunin Amurka da kanka sai an ce ka yi. Kuɗin fom kan kai dala ɗari ko kusa da haka a kowace jami'a. In ya yi maka nauyi, ka rubuta wa jami'in da ke kula da ɗaliban gaba da digiri a sashen ka nemi a yafe, musamman in wani malami ya riga ya ƙarfafa maka gwiwa.

MATAKI NA 7: BAYANIN MANUFA DA WASIƘUN SHAIDA

Bayanin manufa shafi ɗaya da rabi ne zuwa biyu. Ka bar labarin yadda ka fara son duwatsu tun kana yaro. Ka fara da tambayar da ka tsayar a mataki na farko, ka biyo da abin da ka yi da hannunka: me aka nema, me kai ka yi, me ya fito, me ya gagara. "Mun je fili" ba ya nuna rawar da ka taka, ka faɗi abin da kai ka auna. Sai ka ambaci malamai biyu ko uku na sashen da dalilin zaɓen kowannensu. Wannan sashe dole a sake rubuta shi ga kowace jami'a. In akwai zangon da makinka ya faɗi, jimla ɗaya ta bayani ta isa. Ka ba wani ya gyara maka Turanci, amma tunanin ya zama naka, domin a ganawa daga cikinsa za a yi maka tambaya.

Wasiƙun shaida kai tsaye jami'a ke nemansu daga malamanka ta imel. Ka zaɓi wanda ya duba aikinka a kan mai babban muƙamin da bai san fuskarka ba. Ka sanar da su wata biyu kafin lokaci, ka ba su CV da bayanin manufa da jerin ranakun rufewa. Ka sa adireshinsu na makaranta in suna da shi. Fom ɗin Amurka zai tambaye ka ko ka yafe haƙƙin ganin wasiƙar, ka ce ka yafe, an fi yarda da irin wannan. In malami ya ce ka rubuto ya sa hannu, ka ba shi jerin abubuwan da kuka yi tare, ka roƙe shi ya rubuta da bakinsa. Wasiƙu uku masu salo ɗaya ba sa ɓoyuwa.

Ka tura komai mako guda kafin ranar rufewa, sannan ka sanar da malamin da kuka yi magana cewa takardunka sun shiga.

MATAKI NA 8: GANAWA DA ZAƁI

Daga Janairu zuwa Maris ake kira, galibi ta bidiyo. Ka tabbatar da bambancin agogo, ka gwada intanet da murya, ka tanadi wata hanya ko da ta farko ta yanke. Ka iya bayyana aikinka cikin minti biyu. In aka tambaye ka abin da ba ka sani ba, ka faɗi gaskiya, ka ƙara da yadda za ka bi ka gano.

Kai ma kana da tambayoyi. Daga ina kuɗin zai fito, kuma shekara nawa aka tabbatar? Alawus na wata tara ne ko goma sha biyu? Wane kuɗi ne ba a yafe ba? Inshorar ta haɗa da iyali? Ka nemi a haɗa ka da ɗalibansa ku yi magana ba ya wurin, ka tambaye su sau nawa suke ganinsa, da yadda yake yi in gwaji ya lalace. Shekara biyar za ka yi a hannun wannan mutumin, a ƙasar da izinin zamanka ke rataye da karatunka, don haka halinsa ya fi sunansa muhimmanci. Ka kuma auna alawus da kuɗin haya: abin da ke isa a ƙaramin gari ba ya isa a Boston ko New York.

Jami'o'in Amurka da yawa sun rattaba hannu a kan yarjejeniyar da ta ba ɗalibi har zuwa 15 ga Afrilu kafin ya amsa tayin da ke da kuɗi. Kada ka bari a gaggauta ka, amma da zarar ka yanke shawara ka sanar da sauran, domin akwai mai jiran wannan gurbin. In ba a ɗauke ka ko'ina ba, ka tambayi malamin da ya fi sakin jiki da kai abin da ya rage, ka duba guraben Turai da ake tallatawa a kowane lokaci na shekara, ka kuma yi tunanin bi ta digiri na biyu.

MATAKI NA 9: BIZA DA SHIRIN TAFIYA

Wani abu daga wannan mataki tun a watan Yuni ya kamata ka duba. A 2025 gwamnatin Amurka ta dakatar da ba 'yan wasu ƙasashe biza, har da ta ɗalibai, kuma irin wannan jeri yana sauyawa. Ka duba matsayin ƙasarka a shafin ofishin jakadanci kafin ka kashe ko sisi a fom, ka sake dubawa bayan an ɗauke ka. Wannan na cikin dalilan da suka sa na ce jerinka ya haɗa ƙasa fiye da ɗaya.

In hanya a buɗe take, jami'a za ta aiko maka da takardar I-20, shaidar cewa ta ɗauke ka. Da ita za ka biya kuɗin SEVIS na rajistar ɗaliban waje, dala 350, ka cike fom ɗin neman biza na DS-160, ka biya kuɗin biza, dala 185, ka kama ranar ganawa nan take domin layin kan yi tsawo. A gaban jami'in, ka bayyana bincikenka da kalmomin da kowa zai gane, ka nuna wanda ke biya, ka kuma faɗi abin da za ka yi da ilimin bayan ka koma, domin doka ta ɗora maka nauyin nuna cewa karatu ya kai ka. Ba a shiga ƙasar fiye da kwana 30 kafin ranar da ke kan takardar. Bizar ɗalibi ta F-1 ta yarda da aiki a cikin jami'a har awa 20 a mako lokacin zango, kuma taya koyarwa ko bincike yakan cinye su duka.

A Birtaniya lambar CAS ce ke madadin I-20, akwai kuma kuɗin lafiya na fam 776 a kowace shekara da ake biya gaba ɗaya tare da biza, wanda tallafi da yawa ba ya ɗauka. In aikinka ya karkata ga fiziks ko injiniya, ka tambaya ko sai ka sami takardar ATAS, ta tantancewar tsaro, tukuna.

Ka riƙe kuɗin da zai kai ka wata ɗaya ko biyu, domin alawus na farko yakan zo ne bayan an fara aiki, mai gida kuma kuɗin ajiya yake nema tun ranar farko. In kana da lasin tuƙi ka taho da shi, aikin fili na bukatarsa. Duk lokacin da za ka fita Amurka don taro ko ɗebo samfuri, sai I-20 ɗinka ta kasance da sa hannun ofishin ɗaliban waje wanda wa'adinsa bai ƙare ba, kuma bizarka ta kasance da sauran kwana kafin ka dawo. In kuma kuna shirin ka taho da samfurin ƙasa ko laka daga inda ka yi aikinka na baya, kada ka zuba a jaka ka hau jirgi. Shigar da ƙasa Amurka sai da izinin ma'aikatar noma, kuma malaminka ne zai nema ta hannun jami'a, don haka ka tayar masa da maganar tun watanni kafin ka tashi.